Allurar kashe jijiya a aikin ƙashin baya: direban tanka da daren da allurar ta sake shi

Ranar da na fara ganinsa yana zaune a bakin gado ya ɗan rusuna gaba kamar mai shirin ruku'u, hannu biyu a kan gwiwa, yace min haka kawai yake samun sauƙi. Dattijo ne mai shekara 54, direban tankar mai, ya fi shekara 25 yana hanyar Legas zuwa Kano. Ba zan faɗi sunansa ba kuma ba zan faɗi asibitin ba, Alhaji nake ce masa dan haka bari mu tafi a hakan. Ni aikina sa barci ne a ɗakin tiyata, mu ne mutanen da mara lafiya baya tunawa da fuskarsu, sai dai in abu ya ɓaci a nemo mu.

Matsalarsa ta kai shekara uku. Ciwon ƙugu ne da farko irin wanda kowane direba yake da shi, daga baya ya fara sauka ta ɗuwawu zuwa bayan cinya har sangalin ƙafar dama kamar shokin ɗin lantarki, in ya yi tafiya kaɗan ƙafafun su yi nauyi su sage sai ya nemi wuri ya tsuguna, har ta kai masallacin unguwarsu ma sai ya huta sau biyu kafin ya isa. Hoton MRI ya nuna ƙashin ƙugu na huɗu ya zame gaba a kan na biyar, ramin da jijiyoyi ke bi ya matse. Ga wanda bai sani ba, ƙasusuwan ƙugu guda biyar ne, muna kiransu L1 zuwa L5, ita lakar baya a jikin babba a wajen L1 ko L2 take ƙarewa, daga nan ƙasa jijiyoyi ne sako-sako kamar jelar doki, kuma wallahi sunan da likitoci suka ba su kenan da Latin, jelar doki. Su ne suka matsu a wajen Alhaji. Likitan ƙashi ya yanke shawarar zai buɗe ya sassaƙe ƙashin da ya danne su, sannan ya ɗaure L4 da L5 da sukurori huɗu da sandunan ƙarfe biyu.

Nauyinsa kilo 74, yana da hawan jini amma yana shan magani, babu suga, yana da tsohuwar olsa wadda nake kyautata zaton diklofenak ɗin kemis ne ya jawo masa. Duk wannan ba wani abu bane. Abin da ya sa na zauna rubuta labarin shine maganar da ya faɗa min bayan ya kori ɗansa daga ɗakin.

Yace, Likita in roƙe ka wata alfarma. Nace Allah ya sa zan iya Alhaji. Yace dan girman Allah kar a sa min taramol ko wani ɗan uwansa, ko mutuwa zan yi da ciwo ku bar ni.

Ashe wajen shekara biyu ya yi yana shan taramol mai miligiram 225, yaran mota ne suka fara kawo masa saboda bayan, daga ɗaya a rana ya koma uku, har sai da wata rana ya faɗi yana jijjiga a tashar da suke lodi, kuma taramol yana yin haka in ya yi yawa. Da ƙyar da jiɓin goshi ya daina, wata takwas kenan a lokacin, iyalinsa basu san zurfin abin ba. Duk wanda ke aikin asibiti a arewa ya san irin wannan labarin. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai 50 ne da mai 100, amma mai 200 da 225 ke yawo a tasha, kuma binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magungunan kashe ciwo ba tare da umarnin likita ba. Banbancin Alhaji shine shi ya fita, kuma tsoron komawa ya fi masa tsoron wuƙa.

To ga matsalar. Aikin ɗaure ƙashin baya da ƙarfe ba ƙaramin ciwo gare shi ba. Akwai wani babban bincike da aka wallafa a 2013 daga asibitoci 105 na Jamus, mutum sama da 50,000, aka jera tiyata iri 179 bisa zafin da ake ji a rana ta farko, aikin ɗaure ƙashin baya yana can sahun gaba-gaba, ya wuce manyan ayyukan ciki da mutane ke tsoro. Dalili kuwa a fili yake, sai an ɗaye tsokar baya daga jikin ƙashi hagu da dama, a ja ta da ƙarfe a riƙe awa uku ko huɗu, a huda ƙashi a murza sukurori. Abin da aka saba a wodinmu bayan irin wannan aikin shine fenta, wato allurar fentazosin wadda ita ma dangin taramol ce, da diklofenak da farasitamol, in an samu mofin, babban maganin kashe ciwo na wannan dangin, a ƙara. Shi diklofenak ya fita saboda olsa, dama likitan ƙashin ma baya so wai yana rage haɗuwar ƙashi, ni a ganina na kwana biyu ko uku ba zai hana komai ba amma olsar ta raba mana gardama. Ya rage farasitamol kaɗai kenan, wanda shi ɗaya a wannan aikin kamar kashe gobara ne da ruwan buta.

Shi yasa na kawo masa maganar allurar kashe jijiya, wadda a tsakaninmu muke cewa bulok.

Bari in ɗan tsaya a nan dan mutane na rikita ta da allurar bayan da ake yi wa mata lokacin fiɗar haihuwa. Waccan cikin ruwan da ke kewaye da jijiyoyi ake zuba ta, daga wajen ƙirji zuwa ƙasa komai ya mutu, ƙafa bata motsi. Wannan bata shiga can ko kaɗan. Kowace jijiya in ta fito daga ƙashin baya tana rabuwa, babban reshe ya yi gaba ya tafi ƙafa, ƙaramin reshe ya juya baya ya shiga tsokar gadon baya da fata da ƙananan gaɓoɓin ƙashin. Zafin yanka yawanci ta wannan ƙaramin reshen yake bi. To akwai doguwar tsoka biyu gefe da gefen ƙashin baya, wadda ke miƙar da mutum tsaye, irin naman da mahauta ke yankowa a gadon bayan sa, a ƙarƙashinta akwai ɗan fiffiken ƙashi da ya fito gefe, in ka kai bakin allura kan fiffiken nan ka zuba magani sai ya bi tantanin da ke tsakanin tsoka da ƙashi ya malala sama da ƙasa ya jiƙa waɗannan ƙananan rassan. ESP ake kiranta a takaice. Ba tsohuwar dabara bace, a 2016 wani likita a Kanada mai suna Mauricio Forero da abokan aikinsa suka fara bayyana ta, kuma ba dan aikin ƙugu ba ma, dan masu ciwon jijiya a haƙarƙari ne, daga baya mutane suka yi ta gangarowa da ita ƙasa. Akwai 'yar uwarta TLIP da aka fito da ita a Amurka a 2015, ita a tsakanin tsokokin ake zubawa ba a kan ƙashi ba, tana da kyau amma layin da ake nema siriri ne, da irin tsohuwar na'urar sikanin ɗinmu ba kullum ake ganinsa ba, shi kuwa ƙashi ko makaho ya san ya taɓa shi.

Kuma gaskiya in faɗa, gwaje-gwajen da aka yi a kanta sun nuna tana rage zafi da yawan mofin da ake buƙata a rana ta farko, bayan nan sai banbancin ya dushe. Ba mu'ujiza bace. Na san haka, na karanta haka, amma da na zauna gaban Alhaji abin da ya fito daga bakina shine, akwai wata allura da zan yi maka kana barci, in sha Allah zaka farka babu ciwo. Ya kama hannuna yana ta sa albarka. Ban ce masa zata sake shi da tsakar dare ba. Ku riƙe wannan.

Ranar aiki mun sa shi barci wajen tara saura, na gaya masa tun farko cewa yana barci dole a sa ɗan fentanil kaɗan, wanda shima dangin mofin ne, lokacin zura robar numfashi kuma ya yarda da wannan, na ƙara wasu magunguna biyu masu taimakawa wajen rage ciwo, ketamin ɗan mitsitsi da dekzametason miligiram 8. Aka kifa shi rub da ciki a kan matasan kai guda biyu dogaye, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙashin kwankwaso, dan ciki ya samu sarari. Ƙarfe 9:15 na wanke bayan kamar yadda za'a wanke na tiyata, na sa kan na'urar sikanin a cikin safar hannu mai tsafta. Fiffiken ƙasusuwan a hoto suna fitowa ne kamar yatsun cokali mai yatsu, baƙaƙe guda uku a jere, na ƙirgo daga ƙasa na tsaya a L3, wato gaɓa ɗaya sama da inda za'a yanka, saboda kar in cika wa likitan ƙashi filin aikinsa da ruwa kuma dama maganin zai gangaro. Bamu da allurar bulok ta musamman, doguwar allurar baya na yi amfani da ita, a zurfin wajen santimita 5 na ji ta ƙwanƙwasa ƙashi. Na ja sirinji baya babu jini, na zuba ruwan gishiri kaɗan na ga tsokar ta ɗaga daga ƙashin, shine alamar kana inda ya kamata, sai na fara zuba maganin kashe jijiyar, bufibakain mai kashi 0.25, mil biyar-biyar ina ja ina dubawa, mil 20 a dama mil 20 a hagu.

Lissafin nan yana da muhimmanci dan a nan haɗarin yake. Mil 40 na kashi 0.25 miligiram 100 kenan. Iyakar da nake bi miligiram 2 ne a kowane kilo, shi kilo 74, wato 148. Na ci kusan kashi biyu cikin uku kenan. Sai ga likitan ƙashi ya miƙa hannu a bashi lidokain, shima maganin kashe jijiya ne, mai haɗe da adirenalin, mil 20 na kashi 1 zai tsira a fata kamar yadda ya saba dan rage zubar jini. Nace ranka ya daɗe a ɗan dakata. Wannan miligiram 200 ne, iyakarsa 7 a kilo wato 518, kusan kashi 39 cikin ɗari, in ka haɗa da nawa kashi 68 mun haura ɗari. Mutane na mantawa cewa waɗannan magungunan gubarsu haɗuwa take, ba kowa da nasa asusun bane. Ya ɗan ɓata rai yace ku masu barci kun cika lissafi, nace a sa adirenalin ɗin a ruwan gishiri zalla ai jinin kake so ya tsaya, ya yarda.

Abin da nake gudu shine maganin ya yi yawa a jini. Mutum in yana farke zai ce maka bakinsa ya sage, yana jin ɗanɗanon ƙarfe, kunne na ƙara, sai jijjiga, sai zuciya ta rikice, kuma bufibakain in ya kama zuciya baya saki da wuri. Wanda ke barci kuwa ba zai gaya maka komai ba sai dai kawai ka ga layin bugun zuciya a na'ura ya canja. Maganinsa wani farin ruwan kitse ne mai kashi 20 kamar madara, ana turawa mil 1.5 a kowane kilo ta jijiyar jini, wani likita a Amurka Guy Weinberg ne ya nuna amfaninsa a jikin ɓeraye a 1998, a 2006 aka ba da rahoton mutum na farko da aka ceto da shi. Ni dai ƙa'idata in ban ga jakar nan da idona a kabad ba bana yin bulok mai yawan mil, ranar ma sai da na aika aka ɗauko ta aka rataye kusa da ni. Bamu buƙace ta ba, Alhamdulillahi.

Da wuƙa ta taɓa fata bugun zuciyarsa ko gezau, da suka fara ɗaye tsoka ma haka, wannan shi ya fara gaya min allurar ta kama. Sai da aka kai ga ƙashi da wajen jijiyar da ta matsu jini ya ɗan hau, wanda dama bulok ɗin baya kaiwa nan sosai. Aikin ya ɗauki awa uku da minti arba'in. Na sa masa farasitamol giram 1 ta dirif ƙarfe 12:30. Muka juyo da shi, ya farka wajen biyu, abu na farko kafin a tambaye shi ciwo shine Alhaji motsa yatsun ƙafa, ɗaga ƙafar, danna hannuna, ja sama. Duk ya yi. Wannan shine babban dalilin da yasa likitocin ƙashin baya ke haƙura da wannan allurar, tana barin ƙafa da ƙarfinta su iya dubawa. Nace daga sifili zuwa 10 nawa ne ciwon, yace biyu, sannan yace wai an yi aikin kuwa?

La'asar na leƙa wod na same shi yana waya da abokansa na tasha yana ba su labarin likitan da ya yi masa allurar da ta fi ƙarfin ciwo. Ba zan ɓoye ba kaina ya ɗan kumbura.

Wajen magariba sista ta kira ni, tace Dakta mara lafiyarka yace cinyarsa ta hagu ta mutu. Gabana ya faɗi, dan bayan aikin baya akwai abu ɗaya da ba'a wasa da shi, jini ya taru a ciki ya danne jijiyoyin da aka gama sakewa. In haka ne ƙafa zata fara rauni tana ƙaruwa, tsakanin cinyoyi da wajen zama su sage, ciwo ya tsananta, kuma komawa ɗakin tiyata ake a daren ba'a jira gari ya waye. Na biyu sukuru ya kauce ya taɓa jijiya. Na uku allurata, dan wani lokaci a ƙugu maganin yakan zarce gaba ya taɓa manyan rassan da ke tafiya ƙafa. Kafin in iso har an gama yanke hukunci a wod, ƙaramin likitan ƙashi yana cewa ai wannan sabuwar allurar ce, ɗan Alhaji kuma yana min wani irin kallo.

Na zauna na duba shi a tsanake. Ƙarfin ƙafa lafiya lau duka biyun, yana miƙe gwiwa yana ture hannuna, yana ɗaga babban yatsa, wajen zama da tsakanin cinya yana jin taɓi daidai, robar da ke fitar da jini tana aiki, bayan bai kumbura ba. Na ɗauki auduga na bi cinyar, wurin da ya sage fili ne kamar faɗin tafin hannu biyu a gefen cinya ta waje, daidai inda aljihun wando yake zama, baya wuce gwiwa baya shiga ciki. Na ɗaga rigarsa sai ga jan shati a kan tsinin ƙashin kwankwaso na hagu inda matashin ya danne shi awa huɗu. A nan wata siririyar jijiya take wucewa wadda aikinta jin taɓi ne kawai a gefen cinya, bata motsa komai, kuma sananne ne tana dannuwa in an kifa mutum ya daɗe. Sai dai ban iya wanke allurata a daren ba, dan ita wannan jijiyar daga L2 da L3 take tasowa, ni kuma a L3 na zuba magani, zargin nasu yana da tushe. Nace musu lokaci ne zai raba mu, in allurar ce gobe zata tafi, in matashi ne zai ɗau makonni, amma ko wanne ne ba na gaggawa bane, sai dai a riƙa duba ƙarfin ƙafa duk awa biyu, kuma kar kowa ya ga rauni yace ai allura ce ya koma ya kwanta, a kira mu. Wannan jumlar ta ƙarshe sai da na rubuta ta da manyan baƙaƙe a fayil. Babban likitan ya zo ya duba shima ya yarda.

Garin wannan hayaniyar ban lura da wani layi ɗaya a takardar magani ba. Farasitamol na 6:30, an rubuta ya ƙi. Sista ta kawo yace babu inda ke masa ciwo a ajiye kar a yi asarar kuɗi, kuma daga baya ya gaya min a ransa duk maganin ciwo dangin juna ne, gara ya nesanta. Ɗansa ma ya goyi bayansa, su ke sayen kwalbar da kuɗinsu, wa zai sa a ƙarar da ita a kan mutumin da ke hira yana dariya.

Ƙarfe ɗaya saura na dare aka sake kira. Na same shi ya jiƙe sharkaf da zufa ya riƙe ƙarfen gado yana salati, bugun zuciya 118, jini ya hau, ciwo yace tara, kuma Alhaji ba mai raki bane. Tun wajen sha ɗaya da rabi abin ya fara ya yi shiru yana daurewa. Sista ta zo da fenta ya ga sirinji yace atafau. Na fara da duba ƙafafun tukuna dan ciwo mai tsanani kwatsam shima yana cikin alamun taruwar jini, ƙarfi yana nan, ciwon kuma a bayan ne wajen yanka baya sauka ƙafa. Allurar ce ta sake shi, awa 14 da wani abu bayan yin ta, kuma ta sake shi babu komai a ƙasa da zai tare. Wannan abin sananne ne a duk allurar kashe jijiya, mutum yana sifili sai ya tsinci kansa a sama ba tare da ya bi matakala ba, shi yasa yafi gigita mutum a kan ciwon da ya taso a hankali, kuma kusan kullum da dare yake faɗowa saboda da safe ake aiki.

Yace Likita kace babu ciwo. Wallahi kalmar nan ta soke ni. Nace Alhaji laifina ne, na gaya maka rabin magana, allurar tana da lokacinta kuma ya cika, da na gaya maka da baka ƙi na yamma ba.

Muka sa farasitamol ɗin nan take amma na san ba zai sauko da tara ba. Na ja kujera na zauna. Nace masa abin da ya faru da kai a tasha daban, wannan daban, can kai ke ɗauka da hannunka duk lokacin da ranka ya so babu mai ƙirgawa, nan ni zan zuba kaɗan-kaɗan ina tsaye, ba taramol bane, ba za'a baka ka riƙe ba, ba zaka tafi gida da ko ƙwaya ɗaya ba, kuma in ka kwana a haka jininka zai hau, ba zaka iya tari ba, gobe ba zaka tashi ba, rashin tashin kuma shi ke kawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Ban ce masa babu haɗari ko kaɗan ba, dan wanda ya taɓa kamuwa tsoronsa gaskiya ne, kuma na riga na ga abin da rabin magana ta jawo. Ya yi shiru ya daɗe, sannan yace to ka tsaya kar ka tafi. Na bashi mofin miligiram 2, bayan minti goma 2, bayan wani goma 2, ina kallon numfashinsa. A shida ya tsaya, ciwo ya dawo huɗu, wajen biyu da rabi barci ya ɗauke shi.

In aka auna da adalci allurar ta yi aikinta. Mutum ya sha irin wannan aikin ya yi awa tara zuwa goma a farke babu mofin babu fenta, a rana ta farko gaba ɗaya miligiram 6 kawai ya buƙata, wanda na san da babu ita da ya ninka haka. Inda aka faɗi shine wajen miƙa hannu daga allura zuwa magani. Akwai masu barin siririyar roba a wurin su riƙa ƙara magani kwana biyu, amma a aikin ƙugu robar tana kusa da yanka da sabon ƙarfe, ga tsoron ƙwayoyin cuta, ga rashin famfon da zai riƙa turawa, ni ban ga dacewarta a wajenmu ba.

Washegari mai gashin ƙashi ya tayar da shi da bel a ƙugu ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Farasitamol ya koma na haɗiya duk awa shida kan lokaci ko da ciwo ko babu, shi da kansa yake tuna wa sista. Mofin na haɗiya miligiram 5 ya karɓa sau uku cikin kwana biyu, biyu kafin tashi tafiya ɗaya da dare, daga kwana na uku bai sake nema ba. Cinyar kuwa kwana ɗaya, biyu, uku tana nan a sage, bufibakain baya kwana uku a jiki, dan haka matashi ne. Ƙaramin likitan da ya ɗora wa allura laifi bai ce komai ba nima ban ce ba, dan kifa mara lafiya da gyara matashi aikinmu ne mu duka har da ni. Hoton da aka ɗauka ya nuna sukurorin na zaune daidai. An sallame shi rana ta shida da farasitamol kawai.

Tun daga kansa na canja abu biyu. Duk wanda zan yi wa bulok ina gaya masa da mai jinyarsa awan da zata iya sakinsa, in ce in an yi da safe ku sa ran tsakanin isha'i da asuba, maganin yamma ku sha shi ko kuna rawa. Sannan a saman takardar magani ina rubuta lokacin da na yi allurar da lokacin da nake zaton zata ƙare, dan sistar dare ta san me ke tafe. Matasan kan kuma yanzu sai na zura hannu na lalubi tsinin kwankwaso na tabbatar akwai taushi kafin a rufe mutum da zane.

Bayan sati shida na haɗu da shi a barandar kilinik, yana tafiya a miƙe ba rusunawa, shokin ɗin ƙafar dama ya tafi, yana zuwa masallaci ba hutu. Sagewar cinyar ta ragu ta koma kamar faɗin kwabo biyu, yace in wando ya goge wurin yana jin kamar kiyashi na tafiya. Ƙugun yana masa tsami da safe. Ya tambaye ni ko za'a iya sake masa irin allurar nan dan tsamin, nace a'a Alhaji waccan ta ranar yanka ce, akwai wasu allurai daban da ake yi wa wanda ciwo ya ƙi tafiya watanni bayan aiki, kai baka kai nan ba. Sai ya matso ya rage murya dan ɗansa na kusa, yace bai taɓa komai ba tun da ya fita. Sannan ya ɗaga murya yana tambaya yaushe zai koma kan tanka, nace wannan ba ni zan yanke ba, ga ƙofar likitan ƙashi can, lambarsa ce ta gaba.